Daga Kano Zuwa Kadawa a Kan Keke Mai Caji

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, kekuna suka fara fitowa daga inda aka jingine su. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta fita kuma ta wuce naira 1,000. Malaman firamare da masinjoji da masu gadi da ƙananan 'yan kasuwa, mutanen da suka daɗe da sabawa da babur, sai ga su sun kakkaɓe tsofaffin Raleigh da Phoenix, sun kai an sa musu taya da tif. Sai dai keke da ƙarfin ƙafa yake tafiya. Magidancin da ya ba hamsin baya, wanda gidansa ke Rijiyar Zaki ko Mariri, wurin aikinsa kuma a tsakiyar gari, ba zai jure tuƙa feda safe da yamma a zafin bazara ba, ko da kuwa yana so.

Wannan ne ya sa na damu da batun kayan da ake ɗaura wa keke ya koma mai caji. A cikin gari na sha ganin samari suna shawagi da irinsu, amma abin da nake son sani daban ne. Shin tsohon keken ƙarfe irin na iyayenmu zai karɓi injin, ya fita bayan gari, ya yi doguwar hanya da kaya a baya, ya dawo lafiya? Akwai Phoenix na mahaifina, Allah ya jiƙansa, baƙi mai birkin sanda, wanda har yau babu inda ya tsage. Na ƙudura in ɗaura masa, in hau in tafi Kadawa a lokacin da tumatir ya nuna.

Kayan sun zo daga Sin ta hannun wani ɗan'uwa mai fatauci zuwa Guangzhou. A kwali ɗaya aka zuba komai ban da batir: ƙafar gaba wadda injin ke tsakiyarta, ƙaramin akwatin kwantirola mai raba wa injin wuta, totur na babban yatsa, ɗan allo mai nuna gudu da sauran caji, sai wani faifai da ake sawa a gindin feda don injin ya ji an fara tuƙi ya kama. Shi injin a cikin hob yake, wato cibiyar da wayoyin ƙafa suke haɗuwa. In aka buɗe shi, naɗaɗɗen jan ƙarfe za a gani kamar na cikin fanka, da jerin maganaɗisu kewaye da shi. Aksul ba ya juyawa, a ɗaure yake jikin fok. Kwanson ne ke juyawa ya ja ƙafar. Iri biyu ake yi. Akwai babba mai nauyi wanda babu giya a cikinsa, yana da ƙarko da gudu, amma in caji ya ƙare yana ɗan riƙe ƙafa. Akwai kuma ƙarami mai giyoyin roba a ciki, mara nauyi, mai ƙarfin tashi, wanda ke sakin ƙafa sakayau idan an kashe shi. Ƙaramin na zaɓa, mai ƙarfin wat 350.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun ranar 31 ga Disamba, 1895, wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya sami takardar mallakar fasahar keke mai inji a cibiyar ƙafar baya. Nauyin batir ne ya danne ta shekara da shekaru. Sin ce ta fara cika titunanta da irin waɗannan kekuna, tun ana amfani da batirin dalma, yau kuma suna da fiye da miliyan 300. Batirin litiyam shi ya sa ya yiwu a ɗaura wa keken gida ba tare da nauyi ya karya kariya ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsayar da injin a wat 250, kuma dole ya daina turawa in gudu ya kai kilomita 25 a awa. Sin ta yarda har wat 400, amma ita ma a 25 ɗin ta tsaya. Ni ma a nan na ƙayyade nawa, don na san irin birkin da ke hannuna.

Na kai keken da kwalin wurin wani dattijo mai gyaran keke a gindin darbejiya a unguwarmu, wanda ya koyi sana'ar tun zamanin da masana'antar Raleigh ke aiki a Kano. Na ce, “Baba, ga baƙon aiki na kawo maka.” Bai taɓa ɗaura irin wannan ba, kuma bai ɓoye mini ba. Ya ɗauki sabuwar ƙafar ya kara ta da tsohuwar, ya shafa bakin rim ɗin da yatsa, ya ce, “Malam, wannan ba ta keken nan ba ce.”

Gaskiyarsa. Dukkansu an rubuta musu inci 28, amma ba ɗaya ba ne. Ta zamani faɗin rim ɗinta milimita 622 ne, ta tsohon keke kuwa 635, don haka tayar wannan ba ta hawa waccan. Babbar matsalar ma ita ce birki. Birkin sanda daga ciki yake jawo roba ta matse rim, sabon rim ɗin kuwa babu wurin da robar za ta kama. Dattijon bai yi dogon tunani ba. Ya ce a kwance injin daga rim ɗinsa, a saƙa shi a rim irin na da. Da ya ƙirga ramuka sai ya tarar tsohon rim 32 gare shi, injin kuwa 36. Ya aiki yaronsa kasuwar Sabon Gari ya nemo rim mai ramuka 36. Wayoyin ma sun yi tsawo tunda injin ya fi hob na da faɗi, sai ya zaro na ƙaramin keke daga cikin wani tsohon gwangwani, ya gwada, suka zauna.

Na zauna a kan benci ina kallon yadda yake saƙar. Waya ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, yana tsallake rami yana komawa, bakinsa yana motsi da ƙirga. Da ya gama ya kifa keken, ya ɗora ƙafar, ya kaɗa ta. Ya kafa babban yatsansa dab da bakin rim, inda duk rim ɗin ya taɓa yatsan sai ya tsayar, ya ɗan murɗa kan waya da makulli, ya sassauta ta ɗaya gefen, ya sake kaɗawa. Can ya riƙa ƙyasta wayoyin da farce yana saurare, wadda sautinta ya yi ƙasa ya ƙara mata ɗauri. Bai tashi ba sai da ƙafar ta riƙa juyawa ba ta karkata ko kaɗan. Wannan aikin ba ya cikin kwali, ba ya cikin takardar da ta zo da kayan. A hannun irin waɗannan dattawan yake, kuma ba na jin mun san darajarsa.

Wuri ɗaya ne na sa baki, shi ne batun aksul. Idan inji ya tura ƙafa gaba, ƙarfin yana komawa kan aksul, yana neman juya shi baya. Shi ya sa aka fafe shi gefe biyu, kaurin wurin ya zama milimita 10, don bakin fok ya riƙe shi. Bakin fok kuwa ba don wannan aka yi shi ba. A hankali yake buɗewa, ranar da ya saki sai aksul ya juya, ya naɗe wayar wuta ya tsinke ta, in abin ya zo da ƙarar kwana ƙafar gaba ta fita ana cikin gudu. Maganinsa ɗan ƙarfe ne mai kauri, mai rami daidai siffar aksul, wanda ake zura shi a ɗaure jikin fok. Bai zo a cikin kayan ba, kuma masu arahar da yawa ba sa zuwa da shi. Wani mai walda a Ƙofar Ruwa ya yanka mana guda biyu, ya goge ramin da zarto har ya shiga cif. A nan tsohon keke ya fi na zamani: fok ɗin ƙarfe lanƙwasa yake yi ya ba ka alama, na alminiyam kuwa karyewa yake farat ɗaya.

Batir shi ne rabin kuɗin, kuma a nan ne ha'inci ya fi yawa. Na same shi ta hannun wani saurayi mai gyaran inbata da kayan sola a wajen France Road. Ya buɗe mini ya nuna: ƙananan batura masu siffar ɗan yatsa, waɗanda ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18, tsawonsu 65. Ana jera 10 bi da bi su ba da bolt 36, in sun cika maƙil su kai 42. Nawa layi 5 ne, wato guda 50, jimlarsu amfiya 13. In ka ninka 36 da 13 za ka sami 468, wato ƙasa kaɗan da rabin yunit na mitar gida. Ko da farashin naira 225 da aka sa wa masu rukunin A a watan Afrilu 2024 aka yi lissafi, cika shi bai kai naira 150 ba. Babur kuwa lita guda yake sha a kilomita 40 zuwa 50. Amma kada wannan lissafin ya ruɗi kowa: batir yana tsufa. Bayan 'yan ɗaruruwan caji ƙarfinsa zai ragu, sai an sake wani, don haka abin da aka rage na mai dole a riƙa tara wani abu daga ciki.

Saurayin ya jawo wani batir daga ƙarƙashin teburinsa, wanda wani ya sayo da araha ya kawo gyara. An rubuta masa amfiya 20 da manyan baƙaƙe. Ya ɗora shi a sikeli, ya ɗora nawa, nawa mai 13 ya fi shi nauyi. Ya ce, “Malam, kowane ɗaya daga cikin ƙananan nan giram 45 ne ko sama da haka. Guda 50 dole su haura kilo 2. Rubutu yana ƙarya, sikeli ba ya yi.” Da ya ɓare ledar sai ga batura kala-kala, shuɗi da ja da ruwan hoda, an ciro su daga matattun kwamfutoci, an liƙa su da dalma. Ko ɗan allon nan mai tsare batir, wanda ke yanke wuta in ya cika ko ya yi zafi, babu shi a ciki. Ya ƙara da cewa duk 18650 da aka rubuta wa 9,900 a jiki, a ajiye shi, don na gaskiya mafi kyau a wajen 3,500 yake tsayawa. Araha ba ta ado, ballantana a kan abin da za a kwana da shi a ɗaki.

Na fita bayan gari ya waye, cikin sanyin watan Janairu, hazo ya rufe sama. Batir yana ɗaure a kan kariya, an shimfiɗa masa tsohon tif don girgiza, jaka da caja da famfo da kayan faci a samansa. Daga Gyaɗi-gyaɗi na miƙe titin Zariya. Abin da mutum zai fara ji shi ne ja daga gaba: kana taka feda sau biyu sai ka ji keken ya yi sauƙi, injin yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa. A Na'ibawa manyan motoci suna sauke lemo da ayaba a 'Yan Lemo, 'yan A Daidaita Sahu sun cika gefen titi. Tun watan Janairun 2013, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, su ne suka gaji titunan Kano, kuma mai keke dole ya yi haƙuri da su. A nan na fara gane amfanin totur. Wurin tashi daga tsaye a cikin cunkoso shi ne wurin da mai keke ya fi layi, injin kuwa yana ba shi damar miƙewa nan take.

Bayan Ɗangwauro da Kwanar Dawaki hanya ta buɗe. Titin yana da kyau, amma ba a yi shi da mai keke a zuciya ba. Tirela in ta wuce, iskarta tana tura ka waje sannan ta jawo ka ciki, sai ka riƙe kan keke da hannu biyu. Gefen titi kuma yashi ne ya taru, injin gaba kuwa ba ya son yashi: nauyin mahayi a baya yake, in ka danna totur ƙafar gaba sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya ta zame. Dabarar ita ce a saki totur a bi da feda har a fita. A gadar Tamburawa na tsaya na leƙa Kogin Challawa. Ruwa ya janye, 'yan yashi suna loda tifa a ƙasa. Na taɓa injin, ɗumi kawai ya yi. Na duba notocin aksul, ba su motsa ba.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ni kuwa kudu na nufa, don haka a bayana take tana taya ni. Dattijon ya riga ya gargaɗe ni tun a gindin darbejiya: “Zuwa ba shi ne tafiya ba, Malam. Ka ajiye lissafinka sai ka juyo.” A Karfi na sayi gasasshiyar masara. Yara suka kewaye keken suna neman inda tankin mai yake. Na isa Kura, kimanin kilomita 30 daga Kano, da hantsi, batir bai wuce rabi da yawa ba, jikina kuma babu gajiyar da za ta hana ni wani aiki. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni. Ba gudun ba, a'a, isowa da sauran ƙarfi.

Na nemi wani mai cajin waya da ke da sola a kan rumfarsa. Ya yi ɗari-ɗari, yana tsoron kada in kashe masa inbata. Na nuna masa rubutun jikin cajar: amfiya 2 take bayarwa, abin da take ja bai wuce wat 100 ba. Ya yarda, muka yi ciniki. Na bar batirin ya huce tukuna, sannan muka ajiye shi a ƙasa kan siminti, a inuwa, nesa da katifar da yake hutawa a kai. Ba tsoro ne na banza ba. A birnin New York kaɗai, a shekarar 2023, gobarar batirin litiyam ta kashe mutum 18, yawanci a gidajen da ake cajin keke da ƙananan babura. Can ma ke nan, ƙasar sanyi. Mu da zafinmu ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ɗakunan kwano, ga rashin wutar da ke sa mutum ya jona caji ya kwanta yana jiran a kawo cikin dare, mu ya kamata mu fi kowa kiyayewa.

Kafin batirin ya cika na zaga gari da ƙafa. Kura yanzu garin shinkafa ne: mata suna turarawa, an shanya a kan tamfol ko'ina, injinan casa suna ta ruri, ƙaiƙayi ya yi tsibi a bayan shaguna. Da kuwa da rini aka san ta. Turkuɗin Kura, mai sheƙin shuni wanda ake bugawa har ya yi ƙyalli, shi Buzaye ke naɗawa har Agadas da gaba da nan. Mutanen garin nan sun daɗe da sanin yadda ake ɗaukar sana'a a gyara ta har ta yi suna.

Bayan azahar na ci gaba. Daga nan ƙasa ta zama kore shar a tsakiyar rani, albarkar madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan yana bin babbar hanyarsa ya rarrabu zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun yi layi, dillalai suna ta ciniki, ana loda motocin da za su kwana a hanyar Legas. Na sauka daga kwalta na bi gefen magudanar ruwa ta wajen Kadawa, inda kamfanin Ɗangote ya kafa masana'antar tumatir a 2016. Hanyar ƙasa ce mai tauri, ta ɗan yi kwazazzabai. A nan ne na haɗu da mutumin da har yanzu nake tunawa.

Manomi ne, zai yi shekara sittin, yana tura keke irin nawa sak, an ɗaure masa kwando biyu na tumatir, ɗaya a kariya ɗaya a kan sanda. Ba hawa yake ba, turawa yake, gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin. Muka gaisa, na yi masa sannu da aiki. Ya ce yana da babur a gida, amma in ya zuba mai ya kai kwando kasuwa a ranar da tumatir ya faɗi, kuɗin man ya cinye ribar. Ya jingine kekensa jikin bishiya, ya tsuguna gaban nawa, ya bi wayar da yatsa daga injin har batir. Ya ce, “Malam, in na ɗora masa waɗannan biyun, zai ja?”

Na ce ya gwada da ɗaya. Muka sauke jakata, muka ɗaure kwando a bayan batir. Na nuna masa cewa ya fara da feda, kada ya danna totur daga tsaye da kaya, don giyoyin ciki na roba ne, nauyi da tafiyar hawainiya su ke sa injin zafi har su lalace. Ya hau yana ɗan layi, ya taka, injin ya kama. Na ga bayansa ya miƙe. Ya yi nisa har ya kusa ɓacewa, ya juyo, ya tsaya a gabana yana dariya, ya ce, “Ikon Allah! Ai ƙafata ba ta yi komai ba.” Sannan ya tambayi kuɗin. Na faɗa masa gaskiya, injin da batir da aiki, bai yi nisa da kuɗin tsohon babur ba. Ya yi shiru, ya kwance kwandonsa, ya mayar kan nasa keken. Ya zaɓo mini tumatir masu kyau ya zuba a jakata, na yi na yi ya karɓi kuɗi ya ƙi.

Abin ya tsaya mini a rai har na koma Kura, inda na kwana gidan wani abokin karatuna. Wannan manomin shi ya fi kowa buƙatar injin nan. Yana da keken, yana da mai gyara a ƙauyensu, tafiyarsa ba ta wuce abin da caji ɗaya zai ɗauka ba, ga rana tana dukan gonarsa daga safe har yamma, faifan sola ɗaya ya ishe shi. Abin da ya raba shi da injin kuɗin farko ne kawai, kuma rabinsa na batir ne. Alhali kuwa dutsen litiyam a ƙasar nan ake haƙo shi. A watan Mayu 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa, ta wani kamfanin Sin, amma batirin da muke saya daga waje yake zuwa, da dala. Ba na cewa gobe za mu fara ƙera ƙananan baturan nan, wannan babban aiki ne. Amma shigo da na gaskiya da yawa, a harhaɗa su a Kano da allon tsaro mai kyau, a sayar wa ƙungiyoyin manoma su biya bayan girbi, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Waɗanda suka iya haɗa injin ban ruwa da sola a gonakin nan za su iya wannan.

Washegari na juyo, maganar dattijo ta tabbata. Iska ta tare ni a ƙirji tun daga bakin gari, ƙura tana shiga ido. Gudun da jiya nake yi cikin sauƙi yau sai da injin ya yi ta nishi, alamar caji tana sauka ina kallo. Iska ce babbar mai cin batir, ba nauyi ba: in gudunka a cikinta ya ninka, turjiyarta sau huɗu take ƙaruwa. Na rage gudu zuwa kilomita 18 a awa, na ƙara ƙarfin feda, saukar ta lafa. A gangaren gadar Tamburawa wata akuya ta gifta, na matse birki duka biyu, keken ya ɗauki tazara kafin ya tsaya. Birkin sanda an yi shi ne don gudun ƙafa. Duk wanda ya buɗe wa injin gudu ya kai 35 ko 40 a kan irin wannan birkin, da ransa yake wasa, da na masu tafiya a ƙasa.

Caji ya ƙare a daidai Na'ibawa. Allon ya ɗauke, injin ya yi shiru, ƙafar gaba ta ci gaba da juyawa sakayau. Na ƙarasa gida da feda, keken ya ƙara nauyin da bai wuce kilo 7 ba. Babur in mai ya yanke masa, turawa ake har gidan mai. Wannan kuwa keke ne tun asali, kuma keke ya koma. Da na mayar wa dattijon ya duba, wayoyi biyu kawai ya ƙara wa ɗauri, ƙarfen da mai walda ya yanka kuma yana nan inda aka sa shi.

Ina kira ga hukumar makarantun kimiyya da fasaha ta Jihar Kano, wadda ke da kwalejoji irin ta Dawakin Kudu da na wuce ta kwanarta, da ta sa harhaɗa batir da gyaran injin hob cikin abin da ake koya wa yara, a kuma gayyato tsofaffin masu gyaran keke su koyar da saƙar ƙafa tun suna raye. Kai kuma mai karatu, in ka yi niyyar ɗaura wa naka, kada ka biya kuɗin batir sai an ɗora shi a sikeli a gabanka an nuna maka allon tsaronsa. Ka sa ƙarfen riƙe aksul, ka sake robar birki, kuma kada ka jona caji a ɗakin da yaranka ke kwana.